Inuwar Direba

Litinin, da hantsi

Jiki da sauƙi. Ƙirjin bai matse ni ba tun asuba, sai ƙafafun da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na haɗiyi ƙwayoyin likita, fara da ja, na sha rabin kofin shayi. Uwar Tagwaye, maƙwabciyar da ke kawo mini abinci, ta ce yau na yi haske. Na ce mata haske sana'ata ce, na san shi in na gan shi, wannan ba shi ba ne.

'Yata Auta ba ta zo ranar Asabar ba. Wadda ta gabace ta ma ba ta zo ba. Tun tana 'yar mitsitsiya muke fita ɗaukar hoto duk Asabar, ni da kyamara, ita da farin ƙyallen da muke maido da haske kan fuskar mutum da shi. Da na bar ofishin safiyo, na masu auna ƙasa, ƙafa ta fara gardama, sai aikin ya juya: ita ke tuƙi, ita ke rataya jaka, ni nawa in ce tsaya nan, dakata, yanzu. Aure bai hana ta ba. Koyarwa ba ta hana ta ba. Faɗuwar da na yi a banɗaki watan jiya ma, na ɗauka hutun mako guda za ta jawo mana.

Sai dai uban mijinta ya tare a gidansu. Direba zan riƙa ce masa a nan, don a kan babbar mota ya ƙare ƙuruciyarsa. Matarsa ta rasu bara, ɗansa ya ɗauko shi. Ƙafafunsa garau. Baba take ce masa. Na ji da kunnena ranar da na je gidan: ta leƙo daga kicin ta ce "Baba", muka amsa mu biyu.

Laraba, bayan azahar

Direba ya zo. Shi kaɗai, da ambulan a hannu, ya cika ɗakin da sallama.

"Akawu, tashi ka ga abin da muka yo maka."

Na sha gaya masa taswira nake zanawa, ban taɓa yin akawu ba. Ya ce duk wanda ya zauna a inuwa riƙe da alƙalami akawu ne.

Na ce, "Ku wa?"

"Ni da 'yarka mana. Ta ce tunda likita ya hana ka yawo, mu kawo maka garin har kan gado. Ta ce kai ba ka kallon hoto a waya, sai an wanke. Ga shi na wanko."

Na zazzage su kan bargo. Tankin ruwa da sassafe, lokacin da tsatsar jikinsa ke zama ja. Layin teloli da hantsi, kafin a sauke rumfuna. Tsohon gidan waya bayan an ɗauke ruwa, matakalarsa na sheƙi. Sai tafkin bayan gidan bulo, balbelu jere a kan busasshen icen nan. Wurarena ne duka, kuma kowanne a lokacinsa. Ba a tsintar wannan a hanya. Wani ne ke gaya maka.

Amma ga shi nan a kowane hoto, inuwarsa kwance a gaba, hula da kunnuwa da gwiwoyin hannu biyu a buɗe, kamar tukunya mai marfi. Abu na farko da na koya wa Auta ke nan, tun ba ta iya ɗaura takalmi ba: ki duba ƙasa kafin ki duba sama, kada inuwarki ta shiga hoton mutane.

Na ce, "Kana ko'ina."

Ya ce, "To ai ni na ɗauka. In ban sa hannu ba wa zai yarda?"

"Ita Autar fa?"

"Aiki ya sha mata kai. Jarrabawa."

"Amma ta samu sararin zuwa tafki."

Ya yi dariya, ya shanye shayin da Uwar Tagwaye ta kawo mini, ya ce sukari bai ji ba.

Alhamis, da safe

Wurin da ake hango balbelun nan guda ne: siririyar katangar da ke tare ruwan tafkin, faɗinta bai fi na benci ba. Auta ba ta taɓa barina na hau ba sai ta riƙe mini riga ta baya. Da hannun hagu take riƙewa, tana cewa, "Baba, in ka faɗa ni kyamarar zan ceto." Jiya na kwana ina ganin hannun nan a bayan rigar wani.

Juma'a, da la'asar sakaliya

Rana ta kusa alamar farko.

Akwai alamu biyu da na yi da fensir a bangon ɗakin nan, kusa da ƙusar da nake rataya hula. Uwar Tagwaye ta taɓa zuwa da tsumma za ta goge, na kusa faɗowa daga gado. In hasken yamma ya shigo ta taga ya taɓa ta farko, to kwanakin gada sun shigo. In ya wuce ta biyu, sai baɗi.

Tsohuwar gadar jirgin ƙasa nake nufi, wadda ke bayan gari. A 'yan kwanakin nan kaɗai rana ke faɗuwa daidai cikin ƙofarta ta tsakiya. Hasken ya ratso, ya miƙe kan ruwa har zuwa ƙafarka, kamar an buɗe ɗaki an kunna fitila a ciki. Ba ya daɗewa. Kafin ka gama gyara hula ya tafi. Mutanen gari na wucewa ta sama da kekunansu, ba wanda ya sani, don sai ka sauka ta cikin ciyawa ka tsaya kan wani dutse mai kama da sirdi. Taku ɗaya hagu ko dama, ginin ya rufe ranar.

Ni na gano shi, lokacin da aka tura mu auna gefen rafin. Na kai mahaifiyar Auta tana amarya, ta ce saboda wannan na sa ƙaya ta yage mata zane? Da hasken ya zo ta manta da zanen. Na kai Auta a wuya. Ba shekarar da na rasa, har wadda muka yi rashin mahaifiyarta. Hotunan na cikin akwati, ba biyu da suka yi kama.

Mu uku muka san dutsen nan. Saura mu biyu.

Asabar, da almuru

Na sa riga mai aljihu. Na cire. Jarrabawa ce, aka ce.

Lahadi, bayan azahar

Ta kira ta wayar Uwar Tagwaye, tunda tawa ba na jin ƙararta.

"Baba, ka ga hotunan?"

"Wane Baban ake nema?"

Ta yi 'yar dariya, ba irin tata ba, ta ce, "Kai ɗin dai, sarkin rigima. Ya ƙirji?"

"Ƙirji lafiya. Ke ce dai aka ce kin zama mai yawon gari."

"Ya kyautata kuwa? Na yi ta nanata masa lokutan."

"Ki ce masa ya daina shiga gaban rana kamar shi ya saye ta."

Muryarta irin ta wanda aka tasa daga barci, ga shi rana tsaka. A bayanta na ji taya na ƙara kan siminti, wata mace na kiran wata. Ta ce a ofishin malamai take. Ranar Lahadi. In mutum zai yi mini ƙarya don ya ɓoye cewa suna tare a wani wuri, gara in bar shi ya yi ta da kyau.

Kafin ta ajiye ta ce, "Baba, in haske ya shigo ta labule ya kwanta a bango, yaushe ake ɗauka? Kafin ya kai kusurwa ko bayan ya kai?"

Na ce, "Daidai lokacin da ya karye a kusurwar. Rabi nan, rabi can. Ki jira shi, kada ki bi shi."

Ta ce, "Ina da lokacin jira."

Sai da ta ajiye na tuna wa za a kai wa wannan darasin. Kyauta na bayar.

Talata, da hantsi

Ƙafar hagu ta ɗan saɓe. Mijin Auta ya kawo magunguna. Bai zauna ba. Gemu ya fito masa, riga ba guga. Yaron kirki ne amma bai iya kallon mutum a ido ba, yau kuma abin ya ƙaru.

Ya ce, "Baba, ta ce ka ba ni bargon Mama, shuɗin."

Na ce, "Da zafin nan?"

"Ita ta ce."

Na nuna masa sif. Ya ɗauko, ya tsaya yana ninke shi kamar bai taɓa ganin bargo ba. Na ce ya gaishe da mahaifinsa, ya ce masa bakin tafki akwai raɓa da safe, ya rufe gwiwoyi da kyau. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce zai ji.

Bargon matata. A gwiwar Direba.

Alhamis, da la'asar

Hasken ya taɓa alamar farko jiya.

Direba ya dawo da wani ambulan. Kasuwar tsuntsaye da rana a lulluɓe, ba laifi. Bayan tasha da hadari ya taso, sama baƙa ƙirin, rufin kwano fari fat. Wannan sa'a ce, ba iyawa ba. Sai tsohon telan da ke ƙarshen layi, wanda nake ɗauka duk shekara a bakin kekensa. Fuskar baƙa wuluk, sai haƙora.

Na ce, "Ina ƙyallen?"

"Wane ƙyalle?"

"Fari. Wanda Auta ke riƙewa."

Ya sosa ƙeya ya ce ranar sun manta shi a mota. Auta ta manta ƙyalle. To.

Ya ja kujera kusa da gado ya ce, "Akawu, ga magana. Motar yaron nan na hannuna. Gobe in zo in ɗauke ka, mu je gadarka. Ba tafiya za ka yi ba, ni zan goya ka in ta kama. Na goyi buhun da ya fi ka nauyi."

Na ce, "Gada kowa ya san ta."

"A'a, ta ƙasa. Wajen dutsen nan mai kama da sirdi. Na je jiya na gwada, na makara, amma na ga wutsiyar abin. Kai, akawu, ashe ka daɗe kana cin daɗi kai kaɗai."

Na ji bugun zuciyata a kunne.

Na ce, "Ita ta nuna maka?"

"Ta kwatanta mini."

"Ka taka shi?"

"Dutse ne fa, malam, ba darduma ba."

Na gaya masa Auta ce ke kai ni gada, ba kwandasta nake nema ba. Na gaya masa wasu abubuwan kuma, game da mutumin da ya rasa nasa ya zo ya zauna kan na wani. Ba zan rubuta su ba, ba don na janye ba. Ya miƙe, ya sa hula, ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ni 'ya mace Allah bai ba ni ba. Aro nake yi, na san aro ne."

Ya ja ƙofar a hankali. Da ya buga ta da na fi jin daɗi.

Juma'a, da azahar

Ƙirji. Ban tashi ba.

Asabar, da la'asar

Hasken na tsakanin alamun biyu. Sama tas, ko gajimare babu. Irin ranar da nake roƙo duk shekara. Yanzu haka yana kan dutsena da wayarsa, tana riƙe masa riga.

Lahadi, bayan azahar

Ta kira. Na ce wa Uwar Tagwaye ta ce ina barci. Ta toshe bakin wayar da tafin hannu ta ce, "Baba, ka karɓa mana." Na juya wa bango. Ta fita tsakar gida da wayar, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Da ta dawo ɗaukar kwano ta ce tsufa ba hauka ba ne, amma wasu na haɗa su. A gidana. Na ce ta tafi da miyarta.

Ba ta tafi da ita ba. Na sha da yamma.

Litinin, da hantsi

Na ɗan ji ƙarfi. Hasken safe ya fi gaskiya, shi ya sa na shimfiɗa hotunan Direba gaba ɗaya kan gado, na ɗauko gilashin ƙara girma da nake duba taswira da shi. Niyyata in lissafa kurakuransa, in Auta ta zo in nuna mata abin da ta musanya ni da shi.

Tanki: tukunya mai marfi a gaba. Gidan waya: tukunya. Bayan tasha: tukunya, har da jakarsa. Na ce ita ta san aiki, ta koma gefe kamar yadda na koya mata.

Sai na zo kan na balbelu.

Rana na bayansa, ba ta daɗe da fitowa ba, inuwa ta miƙe doguwa kan ruwa. Ga katangar, ga shi tsaye a kanta. A wurin nan ba gefe. Duk wanda ya riƙe maka riga, kansa zai fito ta kafaɗarka ta hagu. Ina da hotuna a akwati da na lalata haka da gangan, don in ga kawunanmu biyu.

Na goge gilashin da bakin riga na sake dubawa. Kai ɗaya ne.

Na mayar da su cikin ambulan.

Talata, da safe

Yau ba zan rubuta komai a kan hotuna ba. Na ci burodi. An yi yayyafi.

Laraba, da la'asar

Uwar Tagwaye ta shigo da hoto guda, ba ambulan. Ta ce Direba ya ba ta a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Ya ce wannan ba nasa ba ne.

Ba sai an gaya mini ba.

Bango ne kawai. Hasken yamma ya ratso labule ya kwanta, ya karye daidai a kusurwa, rabi nan, rabi can. Ta jira shi. Gefen hasken ba kaifi, kamar an shafa da yatsa. Ba abin da zan cire, ba abin da zan ƙara. Na yi shekaru ina bin bangaye ban samu irinsa ba, ita ta samu da waya. Na zauna ina jin haushinta kamar ba ni na haife ta ba.

Abu ɗaya: an ɗauke shi daga ƙasa-ƙasa. Mai tsaye ba ya ganin kusurwa haka, mai zaune ma ba ya gani. Na gwada a nan ɗakin. Sai da na mayar da kaina kan matashi layukan suka daidaita.

Bangon kore ne zuwa kafaɗa, fari daga nan zuwa sama. A gefen dama akwai ƙafar wani ƙarfe mai taya. A can ƙasa, ɗan shuɗi ya leƙo, bakin bargo.

Na san fentin nan. Na zauna gabansa a kujerar roba ta asibiti, shekarar da muka yi rashi.

Hasken ya yi kyau ƙwarai. Abin da nake so in rubuta ke nan.

Alhamis, da hantsi

Na aika a kira Direba. Ya zo ba sallamar cika ɗaki. Ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa.

Na ce, "Hoton tasha ba laifi."

Ya ce, "Na gode."

"Sa'a ce."

"Na sani."

Na ɗauko na bangon na ajiye tsakaninmu. Na ce, "Tagar nan ina take kallo?"

"Yamma," ya ce, kafin ya yi tunani. Sai ya dubi hularsa.

A waje mai gyaran takalmi na wucewa yana buga akwatinsa.

Na ce, "Tana cin abinci?"

"Jiya ta ci. Na tsaya a kanta sai da ta ci."

"Kai ke zama?"

"Da rana ni, in yaron ya taso aiki shi. Hira nake mata. Ta ce surutuna ya fi allura sa barci."

"Wuraren fa?"

"Ita ke faɗa. Ta rufe ido ta ce, Baba, ka fita yanzu, ka bi ta bayan gidan bulo, in ka ga ƙofar ƙarfe ka yi hagu. In na dawo sai ta duba ta ce, to, wannan zai sa shi faɗa, ka wanko masa. Ta ce muddin kana faɗa kana nan."

Na ce ya tashi ya kai ni. Ya ce a'a. Na ce ni na haife ta. Ya ce ya sani, ita ma ta sani, shi ya sa. Likitana ya gaya musu abin da zuciyata za ta ɗauka da wanda ba za ta ɗauka ba, ga matakala hawa uku, ga ta ta sa shi ya yi mata alkawari. Ya ce gobe akwai abin da za a yi mata da safe. In an yi, an ce da wuya a riƙe ta.

"Ta ce Asabar ka goge kyamara. Ko a kujerar baya a kwance, sai ta zo. Ni ne direba, ku ne masu hoto."

Na ce, "Asabar ce ta ƙarshe. Lahadi hasken ya wuce."

"Ta sani. Ita ta lissafa."

Ban tambaye shi sunan abin ba. Bai faɗa ba.

Da zai tafi na ce ya tsaya. Na nuna masa yadda zai juya kafaɗa, ya ɗan karkata, rana ta zo ta gefe, inuwar ta fita daga hoto. Ya gwada a tsakiyar ɗaki da wayarsa kamar mai koyon rawa. Ya ce, "Akawu, da ka faɗa tun farko." Na ce da ya tambaya.

Alhamis, bayan azahar

Na ɗauka yawon yake ƙwace mini. Ashe kujerar roba ce. Shi aka ga zuciyarsa za ta iya. Shi ya san da wane hannu take karɓar kofi yanzu, shi ke gyara mata bargon uwarta. In ta farka ta ce "Baba", mutum ɗaya ne zai amsa.

Na fi jin zafinsa yau fiye da ranar dutse, ga shi kuma ba abin da zan ce ya yi.

Juma'a, da la'asar

Ba wanda ya kira. Uwar Tagwaye ta ce rashin kira alheri ne, masu aiki ba sa riƙe waya. Ta faɗa sau biyu.

Na goge kyamara. Na ɗauko fim na ƙarshe daga firiji, cikin waɗanda Auta ke sayo mini daga nesa, na bar shi ya huce kafin in ɗora. Hasken ya tsaya ɗan yatsa ɗaya kafin alama ta biyu.

Asabar, da hantsi

Jiki da sauƙi. Na yi wanka da kaina. Takalmi ya ƙi, na sa silifas, ciyawar ba za ta kashe ni ba. Riga mai aljihu. Na sa Uwar Tagwaye ta fitar mini da kujera bakin ƙofa, inda nake ganin kwanar layi.

Asabar, bayan azahar

Motoci sun wuce, ba tasu. Na ji wayar Uwar Tagwaye ta yi ƙara ta bayan katanga. Ta ɗauka, ta shige ɗaki da ita. Ba ta fito ba tukuna. Tana da 'yan'uwa da yawa.

Asabar, da la'asar

Sama tas. In an taso yanzu za a isa. Saukowa ta ciyawar ce za ta ci lokaci, sai ya goyi ɗayanmu ya dawo ya goyi ɗaya. Zan ce ya fara da ita.

Asabar, da almuru

Na dawo ciki don in ga bango. Hasken ya hau alama ta biyu, ya zauna a kanta kaɗan, ya yi ja, ya dushe. Kyamarar na kan cinyata, ban buɗe murfin ba.

Na san abin da ya faru. An sallame ta a makare, suka ga in sun biyo ta nan za su rasa ranar, Direba ya ce tsohon nan jinkiri gare shi, mu wuce kawai. Suna can yanzu. Ya tsaya kan dutsena, ya manta duk abin da na koya masa, ita kuma tana bayansa da bargo a kafaɗa, ta riƙe masa riga da hannun hagu. Gobe ko jibi zai shigo da ambulan yana washe baki, in zazzage, in sa gilashi, in ga kawuna biyu. Zan yi musu faɗan da ba su taɓa ji ba. Ba zan yafe ba.

Allah ya sa haka ne.

Uwar Tagwaye ba ta kawo abincin yamma ba. Ban cire rigar ba.

Auta ba ta zo ba.